Daga Ina Tsiro Yake Samun Abincinsa? Koyar da Tushen Kimiyyar Tsirrai da Hausa a Makarantun Firamare

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta duƙufa ne a kan tambaya guda ɗaya daga cikin darussan kimiyyar tsirrai da ake koyarwa a firamare, wato: daga ina tsiro yake samun abincinsa? Mun zaɓi wannan tambaya ne saboda a kanta sauran darussan suka rataya. Ɗalibin da ya fahimci amsarta zai gane dalilin da ya sa ganye yake kore, da dalilin da ya sa manomi yake nome ciyawa, da kuma dalilin da ya sa hatsi ba ya yin kirki a inuwar mangwaro. Wanda kuwa bai fahimce ta ba, sai dai ya haddace sunayen sassan tsiro ya zuba a takardar jarrabawa, ya bar makaranta da tunanin da ya shigo da shi, cewa tsiro ƙasa yake ci.

Za mu fara da nuna inda wannan rashin fahimta yake samo asali a cikin maganganunmu na yau da kullum. Daga nan za mu bayyana abin da kimiyya ta tabbatar, mu duba keɓaɓɓun kalmomin da darasin yake buƙata, sannan mu kawo tsarin gwaje-gwajen da malami zai iya yi ba tare da ɗakin gwaji ba.

1.1 Matsayin Hausa a Darasin Kimiyya

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977, da gyare-gyaren da aka yi mata a 1981 da 1998 da 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon shekarun firamare. Gwajin da Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, ya nuna cewa harshen gida yana iya ɗaukar kimiyya da lissafi. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da a yi amfani da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan tsari da mayar da Ingilishi harshen koyarwa.

Duk yadda manufa ta juya, abubuwa biyu suna nan. Na farko, Hausa darasi ce mai zaman kanta, kuma littattafan karatunta suna ɗauke da nassoshi a kan noma da itatuwa da yanayi. Na biyu, yaron da ya tashi da Hausa da ita yake tunani, kuma idan bayanin Ingilishi ya ci tura malami da ita yake warware masa. Saboda haka, kuskuren da yake maƙale a cikin kalmomin Hausar da ake amfani da su a aji zai bi yaro har cikin darasin da aka koyar da Ingilishi.

2.0 Tushen Matsalar

Yaron da ya girma a gidan noma ya saba jin ana cewa gona ta ci taki, dawa ta sha ruwa, ƙasa ta gaji. Yana ganin mahaifinsa yana kai taki gona da rani, da kaka kuma ya ga inda aka zuba taki ya fi yabanya. Daga nan sai ya yanke hukuncin da ya dace da abin da idonsa ya gani: saiwa ita ce bakin tsiro, taki da ƙasa su ne tuwonsa. Wannan fahimta ba ta keɓanta ga Bahaushe ba, domin malaman kimiyya a ƙasashe da yawa suna cin karo da ita. Sai dai a wajenmu wasu littattafai suna ƙara mata ƙarfi, inda za a tarar an rubuta cewa aikin saiwa shi ne tsotso abinci daga ƙasa, sannan a shafi na gaba a ce ganye ne yake sarrafa abinci. Ɗalibi ya haddace jimlolin biyu, ba tare da wani ya nuna masa cewa suna karo da juna ba.

Asalin rikicin yana cikin kalmar “abinci”. A maganar yau da kullum, duk abin da ya shiga jikin mai rai ya amfane shi ana iya kiransa abinci. A kimiyya kuwa, abinci shi ne abin da yake ɗauke da kuzari wanda jiki zai ƙona ya yi aiki, ko ya gina kansa da shi, kamar sukari da sitaci da mai. Ruwa da sinadaran taki ba su ɗauke da irin wannan kuzari. Matuƙar ba a raba waɗannan ma'anoni biyu ga yaro ba, duk wani bayani a kan ganye zai zame masa ƙari ne kawai a kan abin da ya riga ya yarda da shi.

3.0 Abin da Kimiyya ta Tabbatar

3.1 Gwajin Tukunya da Ma'auni

Wani masani ɗan ƙasar da a yau ake kira Beljiyam, mai suna Jan Baptista van Helmont, ya yi gwajin da aka buga bayaninsa a 1648, bayan rasuwarsa. Ya busar da ƙasa mai nauyin fam 200, kimanin kilo 91, ya zuba a babbar tukunya, ya dasa ɗan icen da Turawa suke kira wilo mai nauyin fam 5, kimanin kilo 2.3. Ya rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga, ya riƙa ba shi ruwa kawai har shekara biyar. Da ya tumɓuke icen ya auna, sai ya tarar ya kai fam 169, kusan kilo 77. Da ya sake busar da ƙasar ya auna, abin da ya ragu a cikinta bai wuce oza 2 ba, wato kimanin giram 57.

Ice ya ƙaru da fiye da kilo 74, ƙasa kuwa ba ta rasa ko cikin tafin hannu ba. Ke nan jikin icen bai fito daga ƙasa ba. Van Helmont ya ɗauka cewa daga ruwa kaɗai ya fito, kuma a nan rabin gaskiya ya samu, domin bai san rawar da iska take takawa ba. Wannan labari ya dace da ɗalibai 'yan aji biyar da shida, saboda lissafinsa ragi ne kawai, kuma yana koya musu cewa ana warware gardama da awo.

3.2 Iska da Haske

A 1771 Joseph Priestley na Ingila ya kunna kyandir a cikin rufaffen gilashi har ya mutu don kansa. Ya sa reshen na'ana'a a cikin gilashin, bayan kwana goma ya tarar wani kyandir yana iya ci a cikin wannan iska. Ya gane cewa tsiro yana gyara iskar da wuta ta ɓata. A 1779 Jan Ingenhousz, wani likita ɗan Holan, ya nuna cewa wannan gyara ba ya faruwa sai da hasken rana, kuma korayen sassan tsiro ne kaɗai suke yinsa. A 1804 Nicolas de Saussure na Siwizalan ya tabbatar ta hanyar awo cewa ƙarin nauyin tsiro yana fitowa ne daga iskar kabon da ruwa a haɗe. A shekarun 1860 kuma Julius von Sachs na Jamus ya nuna cewa sitaci yana taruwa a cikin ganyen da ya sami haske.

3.3 Yadda Ganye Yake Aiki

Iskar da muke shaƙa gauraye ce. Kimanin kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, iskar kabon kuwa ba ta wuce kimanin kashi 4 cikin 10,000 ba. Duk da ƙarancinta, daga wannan iskar kabon tsiro yake gina jikinsa. Tana shiga ganye ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda a yawancin tsirrai suka fi yawa a bayan ganye. Ruwa kuma yana shiga ta siraran gashin da ke jikin saiwa, ya hau ta magudanan da ke cikin kara har ya isa ganye. A cikin ganye akwai koren sinadari mai kama hasken rana. Da kuzarin wannan haske ake haɗa iskar kabon da ruwa su zama sukari, oksijin kuma ya fita waje.

Sukarin nan shi ne abincin tsiro. Wani sashe tsiro yake ƙonawa ya sami kuzari, domin shi ma yana numfashi dare da rana kamar sauran masu rai. Wani sashe ya gina saiwa da kara da sababbin ganyaye. Sauran kuma a ajiye shi: rake yana tara shi a kara a matsayin sukari, rogo da dankali a saiwa a matsayin sitaci, gero da dawa da masara a ƙwaya, gyaɗa da riɗi kuma su mayar da kaso mai yawa nasa mai.

Akwai hujjar da kowane yaro ya taɓa gani a murhu. Gawayi yawancinsa kabon ne, kuma kabon kusan rabin nauyin busasshen itace ne. Wannan kabon daga iska ice ya tara shi shekara da shekaru. Idan aka ƙone gungumen itace ƙurmus, abin da yake saura toka ce 'yar kaɗan, kuma a cikinta ne mafi yawan sinadaran da saiwa ta tsotso daga ƙasa suke. Malamin da ya ajiye guntun itace da gawayi da ɗan tokar da ta fito daga irinsa a kan tebur ya nuna wa aji rabon iska da rabon ƙasa a jikin ice.

3.4 To, Mene ne Amfanin Taki?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibi mai kaifin basira zai yi, kuma wajibi ne manhaja ta tanadi amsarta, in ba haka ba yaro zai ga makaranta tana ƙaryata abin da mahaifinsa ya sani. Tsiro yana buƙatar wasu sinadarai kaɗan-kaɗan waɗanda ba ya samu daga iskar kabon da ruwa. Manyansu uku su ne naitirojin da fosfaras da fotashiyam, kuma su ne haruffan NPK da ake gani a jikin buhun takin zamani suke nufi. Yuriya kuma kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Da naitirojin tsiro yake gina koren sinadarin ganye da furotin. Shi ya sa masarar da ta rasa shi take yin rawaya tun daga tsofaffin ganyayen ƙasa, ta tsumbure, domin ganyen da ya rasa kore ba zai sarrafa abinci sosai ba.

Ke nan manomi yana da gaskiya da ya ce taki yana sa yabanya. Abin da makaranta za ta ƙara masa shi ne dalili: taki yana gyara ganye ne, ganye kuma ya samar da abinci. Wannan ya bayyana abin da ya sa hatsin da ke ƙarƙashin inuwa mai kauri ba ya yi ko an cika masa taki, da abin da ya sa figar korayen ganyayen dawa don dabbobi kafin ƙwaya ta ƙosa yake rage amfani, da kuma abin da ya sa ake gaggauta noman firi kafin ciyawa ta rufe tsiro ta kuma raba ruwa da sinadarai da shi.

4.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Hausa tana da wadatar sunayen tsirrai. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya buga littafi sukutum a kan sunayen tsirrai na Hausa, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara da yawa daga cikinsu. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen kalmomin gama-gari da na ayyukan da ido ba ya gani. Ga shawararmu a kan waɗanda darasin ya fi buƙata:

(a) Tsiro da shuka. Shuka ita ce abin da mutum ya shuka, saboda haka ba ta ƙunshi kuka ko tafasa ko ciyawar daji ba. Ya kamata “tsiro”, jam'i “tsirrai”, ta zama kalmar da ta game duka, a bar “shuka” ga amfanin gona.

(b) Saiwa da jijiya. Ana amfani da su duka biyu a karin harshe daban-daban. Tun da ana buƙatar “jijiya” ga zanen da ke jikin ganye da kuma jijiyar jini a darasin jikin ɗan'adam, ya fi dacewa a tsayar da “saiwa” ga sashen tsiro da ke cikin ƙasa.

(c) Iri da ƙwaya. “Iri” yana nufin abin shukawa, yana kuma nufin nau'i. Haka nan irin rogo kara ne, irin doya kuwa yankin doya ne. A darasin sassan tsiro a yi amfani da “ƙwaya” ga abin da ya fito daga fure, a bar “iri” ga duk abin da ake shukawa ko dasawa.

(d) Iska. Kalmar ta ƙunshi abin da muke shaƙa da kuma guguwa da hunturu. A koya wa yaro cewa iska gauraye ce, a riƙa ambaton kowace da sunanta: oksijin, naitirojin, iskar kabon. Cikakken suna, kabon-dayoksaid, ya jira ƙaramar sakandare.

(e) Abinci da sinadaran ƙasa. Kada littafi ya kira taki abincin tsiro. A ce saiwa tana tsotso ruwa da sinadaran ƙasa, ganye yana sarrafa abinci.

(f) Sarrafa abinci da haske. Wannan bayani ya wadatar a firamare. Kalmomin aro irin su fotosintesis da kulorofil a shigo da su daga baya, a lokacin da yaro ya riga ya san abin da suke nufi.

Malamai da yawa suna kwatanta ganye da madafa, hasken rana kuma da wutar girki. Kwatancen yana da amfani, amma a yi hattara da shi, domin yaro yana iya ɗauka cewa zafin rana ne yake dafa abincin. Haske ake buƙata, kuma tsiron da aka ajiye a ɗaki mai zafi amma mai duhu ba zai sarrafa kome ba.

5.0 Tsarin Gwaje-gwaje

Muna ba da shawarar a jera gwaje-gwaje huɗu bisa wannan tsari, domin kowanne yana buɗe tambayar da na gaba zai amsa. Kafin kowane gwaji, malami ya sa ɗalibai su faɗi abin da suke zaton zai faru, a rubuta a allo da Hausa, a dawo kansa bayan an ga sakamako.

5.1 Tsiro ba tare da ƙasa ba (aji uku zuwa huɗu)

A shimfiɗa auduga ko tsumma mai laima a cikin gwangwanin madara, a ɗora ƙwayoyin wake biyar. A wani gwangwanin a sa wake a busasshiyar auduga. Cikin kwana uku zuwa biyar na farko zai tsiro, na biyu kuwa ba zai motsa ba. Ɗalibai su lura cewa saiwa ce take fara fitowa, kuma ɓangarori biyu na ƙwayar suna yanƙwanewa yayin da tsiron yake girma. Tambayar da za a bar su da ita: tun da babu ƙasa, me tsiron yake ci? Amsa ita ce guzurin da uwar ta ajiye masa a cikin ƙwaya, wanda shi ne mu ma muke ci idan muka dafa wake.

5.2 Haske da duhu (aji huɗu)

A shuka wake a gwangwani biyu masu ƙasa iri ɗaya, a riƙa ba su ruwa daidai. Ɗaya a ajiye shi a haske, ɗaya a cikin kwali rufaffe. Bayan mako biyu na cikin duhu zai yi tsawo siriri, ya yi fari-fari, ganyensa ƙanana, daga baya ya mutu idan guzurinsa ya ƙare. A tuna wa yara yadda ciyawa take yin fari a ƙarƙashin turmi ko randar da ta daɗe a wuri ɗaya. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, haske kawai ya bambanta su.

5.3 Hanyar ruwa (aji biyar)

A yanko alayyahu mai taushin kara a tsoma a ruwan da aka sa wa jar tawada. Bayan 'yan sa'o'i a yanka karan a gicciye, za a ga ɗigo-ɗigon ja inda magudanan ruwa suke. A wannan rana kuma a ɗaure farar leda a reshen mangwaro ko dogon yaro mai ganye, a ɗaure wata a reshen da aka zage wa ganye. Kafin a tashi, ta farko za ta tara ruwa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso ta ƙofofin ganye yake fita, kaɗan ne yake shiga sarrafa abinci. Wannan ne dalilin da ya sa masu lambu suke dashe da yamma, suke kuma rage wa dashe ganye.

5.4 Sitaci a cikin ganye (aji shida)

Da farko a ɗiga aidin a kan garin rogo ko sitacin guga, yara su ga yadda yake komawa shuɗi mai duhu. Sannan a ajiye tsiron wake ko dankali na cikin tukunya a duhu kwana biyu don ganyen ya ƙarar da sitacinsa. A rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda gaba da baya, a fitar da tukunyar rana kimanin sa'a biyar. A tsinke ganyen a tafasa shi minti ɗaya a ruwa, a sa shi a sifirit a cikin ƙaramar kwalba, a tsoma kwalbar a ruwan zafi har koren ya fita. Malami da kansa zai yi wannan mataki, bayan ya kashe wuta, domin sifirit yana saurin kamawa. A ɗauraye ganyen a ɗiga aidin. Sashen da ya sha haske zai yi shuɗi mai duhu, wanda aka rufe kuwa ba zai canza ba. Kada a yi gwajin da ganyen albasa, domin ba ya tara sitaci yadda za a gani.

6.0 Zaɓen Tsirran Misali

Ana karantar da Hausa a wurare masu bambancin tsirrai. Yaron da ke Daura ko Gumel ya san gero da gawo. Ɗan Sabo a Ibadan, ko Agege a Legas, ko Ama Hausa a Owerri, ya fi sanin rogo da ayaba da kwakwar manja, haka nan ɗalibin kudu da yake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Manhajar da ta ƙayyade tsiro ɗaya ga kowa za ta mayar da darasin hadda a rabin ƙasar. Abin da ya dace shi ne a ƙayyade manufar darasi, a ba malami zaɓi.

Alal misali, don nuna tsiron da yake rayuwa a kan wani, malamin arewa yana da ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta. Yana manne wa saiwar dawa da gero, ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar abincin da hatsin ya sarrafa kafin ya fito da furensa. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya yin fiye da shekara goma a ƙasa da ransu. Malamin kudu kuwa yana da kauci, wanda ake gani a rassan goro da koko da lemo, yana shan ruwa da sinadarai daga jikinsu.

Don nuna muhimmancin haske, gawo misali ne mai kyau a arewa: yana kakkaɓe ganyensa da damina ya yi sabo da rani, saboda haka geron da ke ƙarƙashinsa yana samun haske a lokacin da yake buƙata, ga kuma takin ganyen da ya zuba. A kudu ana iya duba yadda ƙananan tsirrai suke ƙaranci a ƙarƙashin gonar koko da ta rufe. Wake da gyaɗa kuwa ana samunsu ko'ina. A tumɓuke ɗaya a hankali a nuna wa yara ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, inda wasu ƙwayoyin bakteriya suke zaune suna mayar da naitirojin na iska yadda tsiro zai iya amfani da shi. Wannan shi ne sirrin haɗa wake da gero a gona ɗaya. Gyaɗa kuma tana gyara wani kuskure: 'ya'yanta daga fure suke fitowa, sannan su soka kai cikin ƙasa su ƙosa, saboda haka ba duk abin da aka haƙo daga ƙasa ne saiwa ba.

7.0 Lokacin Koyarwa

Shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba. A arewa wannan ya zo daidai da kaka, lokacin da ya dace da darasin fure da 'ya'ya da ƙwaya. Zango na biyu yana faɗawa cikin hunturu da bazara, don haka gwajin gwangwani da ake yi a cikin aji ya fi dacewa da shi. Zango na uku kuwa yana haɗuwa da faɗuwar damina, lokacin da za a iya fita lambun makaranta. A kudu ruwa yana sauka tun watan Maris ko Afrilu, saboda haka aikin lambu yana iya farawa da wuri. Tsarin aiki na zango ya kamata ya bar wa kowace jiha damar sauya jerin makonni.

8.0 Shawarwari

(i) Masu tsara manhaja su rubuta a fili, cikin manufofin darasi, cewa ɗalibi zai iya bambanta abincin tsiro da sinadaran ƙasa.

(ii) Masu tace littattafan Hausa na firamare su duba duk nassin da ya shafi noma da itatuwa, su gyara inda aka ce saiwa tana tsotso abinci.

(iii) A daidaita kalmomin da ke sashe na 4.0 tsakanin malaman Hausa da na kimiyya, domin yaro ya ji kalma ɗaya a darussan biyu.

(iv) Kwalejojin ilimi su sa ɗalibai masu koyon malanta su yi gwaje-gwajen nan huɗu da hannunsu, su kuma bayyana su da Hausa.

(v) Tambayoyin jarrabawa su nemi dalili. Maimakon “Lissafa sassan tsiro”, a tambayi irin wannan: “An shuka masara biyu an sa musu taki daidai, ɗaya a fili, ɗaya a ƙarƙashin mangwaro. Wace ce za ta fi goyo, kuma me ya sa?”

9.0 Kammalawa

Mun nuna cewa tsiro yana sarrafa abincinsa ne a ganye, daga iskar kabon da ruwa, da kuzarin hasken rana, kuma abin da yake samu daga ƙasa ruwa ne da sinadarai 'yan kaɗan. Mun nuna yadda kalmar “abinci” take rufe wa yaro wannan gaskiya, da yadda za a buɗe masa ita da gwangwani da wake da leda da aidin. Yawancin yaran da ke firamare a yau za su yi mu'amala da gona ko lambu ko itace a rayuwarsu, ko da karatunsu bai yi nisa ba. Idan suka fita da wannan fahimta guda ɗaya a harshen da suke tunani da shi, darasin kimiyyar tsirrai ya biya buƙata.